Masu Hisabin Abin da Ido Bai Gani Ba

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Damagaram shekaru arba'in da suka wuce, in ka tambaye shi labarin mahauta, zai gaya maka cewa kafin mahauta su wasa wuƙaƙensu da safe ungulaye sun riga sun jeru a kan katanga da rassan darbejiya, sun sunkuyar da kawunansu masu sanƙo suna jiran rabonsu na hanji da tumbi. Yau kuwa yaro yana iya girma a birni har ya gama sakandare bai san ungulu ba sai a karin magana. Ba a jayayya a kan cewa ta ragu. Amma da za a tara dattawan mahauta goma a ce su faɗi da nawa ta ragu, tun wace shekara, kuma a wane yanki ta fi saurin ƙarewa, da an ji amsa goma, kowace da gaskiyarta, ba kuwa ko ɗaya da za a ɗauka a kai gaban hukuma a ce ga hujja a kafa doka. Sa'ad da ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda suka kai gargara a 2015, da alƙaluma ta yanke hukunci, alƙaluman kuwa sai da wasu mutane suka zauna wata da watanni suna tace su, suna auna ƙarfinsu da rauninsu, kafin su isa a kafa hujja da su.

Waɗannan mutane ne nake son in ba da labarinsu, musamman matasan cikinsu, waɗanda kafaɗunsu ke ɗauke da galibin aikin alhali sunansu bai cika fitowa a jarida ba. Turawa na kiran matsayinsu fosdok, watau zaman bincike na bayan digiri na uku. Mai wannan matsayi ya gama karatu an ba shi shaidar dakta, amma bai sami kujerar koyarwa tasa ta kansa ba, sai ya tafi wurin wani shehin malami da ya samo kuɗin wani bincike, a ɗauke shi shekara biyu ko uku, a riƙa ba shi albashi, in kuɗin sun ƙare a yi sallama. Al'adar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin ilmi a ƙasar nan, domin ɗalibin da ya karɓi ijazar littafi a Katsina ko Birnin Gazargamu yakan rataya gafakarsa ya nufi Agadas ko Masar ya lizimci wani shehi har ilminsa ya nuna. Haka Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin hisabi, ya bar Katsina ya yi hajji ya zauna Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Sai dai ɗalibin da yakan zauna gaban shehinsa har ya ƙoshi, na yau kuwa takardar kwantiragi ce ke yanke masa ranar tashi tun kafin ya ajiye kayansa.

Fannin da suke aiki a cikinsa, wato ƙididdigar halittu da muhallinsu, kusan dukansa a kan mas'ala guda ya ginu, wadda malaman usulu suka daɗe da sanin ta: rashin ganin abu ba ya zama dalilin rashin samuwarsa. A ɗauka akwai fadamu 100, kuma 60 daga cikinsu suna da wani nau'in kwaɗo wanda ba a gane yana nan sai in ya yi kuka, shi kuwa ba kullum yake kuka ba, dare ɗaya cikin biyu ne. Mai bincike da ya zaga dare guda zai ji shi a fadamu wajen 30, ya koma ofis ya rubuta cewa kwaɗon na cikin kashi 30 na fadamun, ya yi kuskure da rabi cif ba tare da ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba. To, amma in ya je kowace fadama dare uku, takardarsa za ta cika da irin wannan: ran farko an ji, ran biyu shiru, ran uku an ji. Fadamar da aka ji jiya aka rasa yau ita ce shaidar cewa shiru yana faruwa alhali kwaɗon na nan, daga yawan irinta ne ake ƙiyasta sau nawa kunne ke kuskure. Da an san rabi ne, an san cewa shiru uku a jere zai auku sau ɗaya cikin takwas, watau akwai fadamu bakwai ko takwas masu kwaɗo da suka ɓuya cikin waɗanda aka zaci babu kome. Wannan dabara ce Darryl MacKenzie ɗan ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka tsara ta da cikakken lissafi a 2002, suka gwada ta a kan kwaɗin fadamun jihar Maryland ta Amurka, yau kuwa da ita ake lissafin damisa da zaki daga hotunan kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace.

Tun kafin wannan masunta da masu tsuntsaye suna da tasu hikimar. Ka kama kifi 100 a tafki ka sa musu alama ka sake su, bayan kwanaki ka sake jefa taru ka kama 80, ka tarar 20 suna da alama; tun da kashi ɗaya cikin huɗu na kamun biyu masu alama ne, to ɗarin nan ma kashi ɗaya cikin huɗu ne na kifin tafkin, watau akwai kimanin 400. Ana danganta ƙa'idar da Petersen na Denmark, mai binciken kifi a ƙarshen ƙarni na 19, da Lincoln na Amurka wanda ya yi aiki da ita a kan agwagin daji a 1930.

Amma labarin da ya fi burge ni shi ne na malam-buɗe-littafi. Wani Bature mai suna Corbet ya tara su a ƙasar Malaya, da ya jera abin da ya samu sai ya ga nau'i 118 guda ɗaya ɗaya kawai ya kama daga kowannensu, nau'i 74 kuma bibbiyu, 44 uku uku, haka adadin ke sauka. Hankali kaɗai ya isa ya gaya wa mutum cewa in nau'o'in da aka gani sau ɗaya tak sun yi yawa haka, lalle akwai waɗanda saura ƙiris a gan su ba a gan su ba. Amma su nawa ne? Ya kai mas'alar wurin Ronald Fisher, shehin masu ƙididdiga na zamaninsa, suka buga amsarsu a 1943 tare da C. B. Williams, wanda shi kuma yake kama ƙwarin dare da tarkon fitila a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila. A daidai waɗannan shekaru na yaƙin Hitila, Alan Turing da I. J. Good suna Bletchley Park suna fama da irin wannan tambaya wajen kwance saƙonnin sirri na Jamus, Good kuma ya bayyana hanyarsu a 1953. Daga baya wata malama 'yar Taiwan, Anne Chao, ta fito a 1984 da ƙa'ida mai sauƙin da ɗan sakandare zai iya: ka ninka adadin waɗanda aka gani sau ɗaya da kansa, ka raba da ninki biyu na waɗanda aka gani sau biyu, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin abin da ya ɓuya. In aka gwada ta a kan alƙaluman Corbet, 118 sau 118 a raba da 148, za a sami wajen nau'i 94 da ba su taɓa faɗawa komarsa ba. A ƙirga abin da ba a gani ba daga sawun abin da aka gani, kuma a faɗi iyakar kuskuren da ke cikin ƙirgar, wannan shi ne ruhin sana'ar.

Na ce a faɗi iyakar kuskure, domin a nan ne mai ilmin ya rabu da mai shaci-faɗi. Malamanmu sun raba sani daraja daraja, yaƙini da zato mai rinjaye da shakka da wahami, suka hana a ba ɗaya hukuncin ɗaya. Mai ƙididdiga ma haka yake yi, illa shi yana sa wa kowace daraja lamba. Ba ya cewa giwaye 300 ne a dajin, sai ya ce mafi rinjayen zato suna tsakanin kaza da kaza, ya kuma faɗi ƙarfin rinjayen. Da yawa daga matasan fannin a yau suna bin tafarkin Thomas Bayes, malamin coci ɗan Ingila wanda aka buga maƙalarsa a 1763 bayan rasuwarsa, tafarkin da ke cewa ka fara da zaton da kake da shi, duk sabuwar shaida da ta zo ka gyara zaton gwargwadon nauyinta.

Wanda ya ji wannan zai zaci fosdok yana wuni cikin daji ne ko gaban allo yana warware manyan mas'aloli. Haƙiƙa mafi yawan kwanakinsa a gaban kwamfuta suke ƙarewa, yana tsince bayanai kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Akwai rumbun duniya da ake kira GBIF, mai ofishi a Kofanhagan, wanda aka kafa a 2001, inda aka tara rahotannin ganin halittu fiye da biliyan biyu daga gidajen tarihi da jami'o'i da 'yan sa-kai masu amfani da manhajoji irin su eBird da iNaturalist. Sai mai bincike ya sauko da layi dubu ɗari biyu na wani tsuntsu, ya zuba su a taswira, ya ga ɗigo ɗaya ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar teku kudu da Gana. Ba tsuntsu ne ya je can ba, wani ne ya bar gurbin wuri babu kome, na'ura ta cike shi da sifiri da sifiri, wurin da sifiri biyun suka haɗu kuwa yana cikin Tekun Gini. Wani rahoton an juya masa rana da wata, wani an rubuta sunan nau'in da tsohon suna da aka daina, wani kuma an sa shi a tsakiyar babban birnin ƙasa don mai tarawa ya rubuta sunan ƙasar kurum. Aikin nan ɗan'uwan aikin masu hadisi ne wajen binciken isnadi: wa ya gani, gwani ne ko sabon shiga, awa nawa ya yi yana dubawa, da safe ne ko da rana tsaka? Bayan haka ga babbar illa wadda ba a tsince ta da hannu, ita ce rahotannin sun taru a inda masu kallo suke, kusa da titi da birni, a Turai da Amurka ta Arewa, kuma galibinsu na tsuntsaye ne, har taswirar da ba a gyara ba takan nuna inda mutane masu waya suke yawo fiye da inda halittu suke zaune. Sai an gama wannan duka sannan a rubuta samfurin lissafi, yawanci da harshen kwamfuta da ake kira R, wanda malamai biyu na jami'ar Auckland suka ƙirƙira kuma kyauta ne ga kowa, a sa na'ura ta yi ta juya shi kwana biyu ko mako, wani lokaci a dawo a tarar lissafin bai daidaita ba, a koma farko.

Mai karatu na iya cewa wannan wahala ta masu ita ce. Ba haka ba ne, domin lambobin da suke fitarwa su ne ake karantawa a rediyo, a kansu ake raba kuɗi, a kansu ake ƙulla yarjejeniya irin wadda ƙasashen duniya suka yi a Montreal a Disamban 2022, cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030. Rahoton Living Planet na 2024 ya ce garken dabbobin daji da ake bibiya sun ragu da kashi 73 cikin 100 a matsakaici tsakanin 1970 da 2020, na Afirka kuma da kashi 76, nan da nan aka yi ta yaɗa cewa kashi uku cikin huɗu na dabbobin duniya sun mutu, alhali ma'aunin yana auna matsakaicin sauyin kowane garke ne, ƙarami da babba. Tun a 2020 Brian Leung na jami'ar McGill da abokansa suka nuna a mujallar Nature cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na garken, waɗanda suka faɗi warwas, su ne ke jan matsakaicin ƙasa da ƙarfi. Wasu malamai suka yi musu raddi, aka yi ta muhawara. A ganina muhawarar rahama ce, domin wanda ya san a ina gobarar ta fi ci ya fi iya kashe ta bisa ga wanda aka ce masa gari duka ya kama.

Akwai kuma abin da ya faru a Krefeld ta Jamus, inda wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari, yawancinsu ba ma'aikatan jami'a ba, suka shekara 27 suna kafa tarko mai kamar tanti a wuraren da aka keɓe, suna auna nauyin abin da ya faɗa kwalba, ba su sauya tarko ba, ba su sauya sikeli ba. Da masu ƙididdiga na jami'ar Radboud ta Holan suka tace bayanan wurare 63, suka cire tasirin yanayi da na bambancin wuri, sai aka buga a 2017 cewa nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Mu ma muna da irin wannan a ƙofar gidanmu. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar a mota wajen 1970 yana ƙirga shaho da mikiya da ungulu, ya dawo bayan shekara talatin ya sake bin hanyoyin nan. Ƙirgarsa na cikin ginshiƙan binciken da Phil Shaw na jami'ar St Andrews da Darcy Ogada suka jagoranta a 2024, wanda ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta da cin mushe a dajin Afirka sun ragu, kuma abin ya fi muni a Afirka ta Yamma.

To, a nan ne abin da ke damuna yake. Shaidar da ake bukata shekara talatin take ɗauka kafin ta nuna, mutumin da ya iya karanta ta kuwa shekara biyu ake ba shi. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai, wanda yana cikin mafi daraja kuma ɗan kowace ƙasa na iya nema, wata 12 zuwa 24 ne, da sharaɗin kada mai nema ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka gabata, watau ƙaura tana cikin sharuɗɗan aikin. A Jamus wata doka ta 2007 ta ba jami'a damar riƙe mutum da kwantiragi mai wa'adi shekara shida bayan digiri na uku, in bai sami kujera ta dindindin ba a lokacin sai ya nemi wata hanya, abin da ya sa matasan malamai suka yi ta kuka a 2021. A Amurka hukumar binciken lafiya ta NIH ta ɗaga mafi ƙarancin alawus ɗin fosdok zuwa dala 61,008 a shekara a 2024, bayan ma'aikatan ilmi wajen 48,000 na Jami'ar Kalifoniya sun yi yajin aiki a ƙarshen 2022. Kuɗin da yawa ne in an canza su zuwa naira, amma wanda ya biya hayar ɗaki da kuɗin reno a biranen can ya san iyakarsu. Kujerun kuwa kaɗan ne ƙwarai: wani rahoton ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society na 2010 ya ƙiyasta cewa cikin masu digiri na uku a fannonin kimiyya a Birtaniya, waɗanda ke kai wa ga farfesa ba su kai ɗaya cikin 200 ba. Saboda haka mutum mai shekara talatin da 'yan kai, mai mata ko miji da ƙaramin yaro, yakan shekara ta farko yana koyon bayanan da aka ba shi, shekara ta biyu rabinta yana rubuta takardun neman aiki na gaba, sa'ad da ya fara gane halin dajin da yake lissafi sai wa'adi ya cika. Ga mace abin ya fi tsanani, domin shekarun ƙaurar su ne shekarun haihuwa.

Gaskiya ne mai wannan ilmi ba ya rasa abinci, don bankuna da kamfanonin magani da na fasaha suna neman wanda ya iya Bayes da R ruwa a jallo, kuma sukan biya fiye da jami'a. Amma duk wanda ya tafi can ya tafi da abin da ba a rubuta a maƙala ba, irin sanin cewa mai ƙirga na wuri kaza ya sauya a shekara kaza, ko tarkon wuri kaza ambaliya ta taɓa cinye shi.

A wajenmu matsalar ta sha bamban, domin matsayin kansa ne kusan babu shi. Wanda ya gama digiri na uku a yawancin jami'o'inmu aji ake tura shi kai tsaye, ɗalibai ɗaruruwa da takardun jarrabawa tuli, ba ya samun shekara biyun nan da ilmi ke nuna a cikinsu. Ba kuwa don babu bayanai ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, a gefen dajin Amurum, ta fi shekara ashirin tana horar da masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, inda aka yanka ƙasar gida gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta duk tsuntsun da suka gani. Tsarin nan na maimaita ziyara daidai yake da abin da lissafin kwaɗin can yake bukata. Ga dausayin Haɗeja da Nguru, inda ake ƙirga tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai da rani. Ga raƙuman dawa na Kure a Nijar, waɗanda suka rage 49 a 1996 suka haura 600 daga baya, ana gane kowanne da zanen jikinsa. Shirin FLAIR, wanda Royal Society da Kwalejin Kimiyya ta Afirka suka kafa don matasan masana su yi bincike a gida, an katse shi a 2021 da Birtaniya ta rage kuɗin agaji, wannan kuwa ya isa ya nuna mana hatsarin jingina da aljihun wani.

Ga ɗalibin lissafi ko ƙididdiga a jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdu Mumuni ta Yamai wanda zuciyarsa ke son daji, hanya tana nan: cibiyoyin AIMS a Afirka ta Kudu da Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda suna ba da karatun lissafi da tallafi, jami'ar Cape Town tana da cibiyar SEEC ta wannan fanni, St Andrews tana da CREEM, gidauniyar Humboldt ta Jamus kuma tana da tallafin Georg Forster na masana daga ƙasashe masu tasowa. Ya koyi R tun yanzu, ya shiga aikin taswirar tsuntsaye ya san zafin rana da bayanai ke fitowa daga ciki, kuma kafin ya sa hannu a kowace takarda ya tambayi tsawon wa'adi, da wanda zai mallaki bayanan, da sunan wa zai zo farko a maƙala. Shugabannin jami'o'inmu da hukumar TETFund kuma ina roƙonsu su ware ko da kujeru biyar ne a Arewa, na shekara huɗu huɗu, waɗanda ba za a ɗora wa masu su aji ba, a damƙa musu alƙaluman Nguru da na Yankari da na taswirar tsuntsaye su zauna a kansu.